Kujerar Masu Ciki a Motar Baba Zira

Duk macen da ta taɓa yin ciki tana zirga-zirga tsakanin Mubi da Michika ta san Baba Zira, ko da ba ta riƙe sunansa ba. Direba ne, gajere, kakkaura, ga furfura a gefen kai, ga taurin kai a tsakiya. Motarsa doguwa ce ruwan toka, irin wadda ake ce wa Beljiyam, wato wadda aka sauko da ita daga ƙasar waje ba wanda ya tuƙa ta a nan. Haka dillalin ya rantse masa ranar ciniki, haka shi ma yake rantse wa kowa.

Sauran direbobin tasha mutum biyu suke cusawa a kujerar gaba, ɗaya gwiwarsa na gogar giya. Baba Zira mutum ɗaya yake sawa, kuma ba kowa ba. Kujerar gaba ta mai ciki ce. In babu mai ciki, ta tsohuwa ce. In babu su duka, sai ya dubi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi wanda ya fi kama da mara lafiya. Na taɓa ganin wani babban mutum da rawani da jakar hannu ya buɗe ƙofar gaba, Baba Zira ya dubi tumbinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan cikin wata nawa?" Mutumin ya koma baya yana huci.

Dalilinsa ɗaya ne. Zai daki allon da ke gaban kujerar da tafin hannu, inda aka buga wasu haruffa, ya ce da Hausarsa ta mutanen dutse, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba:

"Motan nan yana da balo a nan. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, balo zai fito ya tare ki. Zauna, 'yata, ki saki jiki."

Balo shi ne jakar iskar nan da ke kumbura ta tare mutum in mota ta yi karo. Ni Eva, malamar firamare, ciki uku na yi a kan kujerar nan, ina koyarwa a Michika, gidana na Mubi. Har barci nake yi a kanta. Mijina in zai raka ni tasha ba ya tambayar ko akwai mota, sai dai ko akwai Baba.

Abin da ya ja masa shi ne kiɗa. Samarin direbobi duk sun sa sifiku masu girgiza hanji, fasinjoji matasa suka fara zamewa. Baba Zira ya daɗe yana cewa mota ba gidan biki ba ce, har ranar da ya gaji da jiran lodi a rana. Ya kai motar wurin Alex, mai haɗa rediyo da sifiku a bakin kasuwa. Alex ya ɓalle allon gaba, ya ja wayoyi ta nan ya ja ta can, ya mayar da komai. Kiɗa ya tashi lafiya lau. Amma da Baba ya tada mota, sai ga wata jar fitila a gaban sitiyari da bai taɓa ganin ta zauna ba: hoton mutum a zaune, da wani ƙaton ƙwallo a gabansa.

Kafin azahar labari ya zaga tasha. 'Yan kamasho suka yi layi suna leƙe.

"Kai! Mai ciki ce wannan! Baba, motarka ta ɗauki ciki!"

"Yo ba dole ba? Wanda ya daɗe yana zama da masu ciki ai sai ya kwasa."

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce ita dai a ganinta albarka ce, mota ce ta gane aikinta. Baba Zira ya yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya koma wa Alex da faɗa. Alex ya duba fis, ya cire kan batir ya mayar, ya leƙa ƙarƙashin kujeru ya danna kowace mahaɗar waya. Fitila tana nan daram. Ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce shi kiɗa ya sani, a tafi wurin Mansir rewaya, mai gyaran wayoyin mota, shi ke da na'urar da ke karanta ciwon mota.

Ranar na zo tasha da buhun littattafan yara, Baba ya ce in shiga mu biya ta garejin Mansir, ba za a daɗe ba, sai mu dawo a yi lodi. Shi ya sa abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Mansir ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan jima yana kallo, ya ce, "Baba, wannan ba mai ciki ba ce. Fitilar balo ce. Tana cewa na gefen fasinja ba ya amsawa."

"To Alex ya ɓata mini shi!"

"Bari dai mu gani."

Ya sauke akwatin da ke gaban kujerar fasinja, ya cusa kai da tocila. Ya jawo wata waya ruwan ɗorawa. A bakinta, inda ya kamata ta shiga jikin balo, an naɗe wani ɗan mitsitsin abu da baƙin salatif, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ƙafarsa ɗaya ta zame. Ya sake cusa hannu har kafaɗa, ya fara zaro abubuwa yana ajiyewa a ƙasa.

Soson katifa, ya rube. Tsohon zanen atamfa. Buhun siminti, irin namu na nan, rubutunsa bai ma gama gogewa ba.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya ba tare da na duba ko da baƙin mai a kanta ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: Alex bai ɓata komai ba, hannunsa ne kawai ya ture ƙaryar da aka jingina.

"Ina balon?" in ji Baba Zira. Muryarsa ta koma ta wani mutum daban.

"Babu, Baba. Motar nan ta taɓa yin hatsari, kuma a ƙasar nan. Balon ya fashe tun a lokacin. Masu ita suka cusa tsumma, suka manne murfin, suka sa wannan ɗan abin don ya yaudari fitila ta ɗauka komai na nan."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ta zo hannunka."

Mansir ya ce bari ya duba na sitiyari ma, da wuya a ce shi ya tsira. Ya buɗe, shi ma wayam. Baba Zira ko kallon wajen bai yi ba. Nasa bai dame shi ba. Ya durƙusa ya ɗauki zanen atamfar yana juya shi a hannu, sai ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babban mutum ba, kuma tsoron abin da ya riga ya wuce.

"Malama, ke ma a nan na sa ki."

Haushi ne ya cika ni, ban ma san na wa ba. Na tuna yadda nake miƙe ƙafa a wurin, ciki a gaba, ina gyangyaɗi, tsakanina da gilashi buhun siminti ne.

Mansir mutumin kirki ne, ya so ya rage masa zafi. Ya ce sabon balo sai an aiko daga nesa, kuma na kasuwa ma da yawansu fanko ne, sai an yi dace. Kafin nan zai iya mayar da ɗan abin nan yadda yake, fitila ta mutu, ba wanda zai sani.

"Kowa haka yake yi, Baba."

Baba Zira ya miƙe. "Kar ka taɓa shi. Bar fitilan ya yi ta ci. Shi kaɗai ne ya faɗa mini gaskiya a motan nan."

Muka koma tasha da jar fitilarmu, rediyon a kashe. Dillalin da ya sayar masa ya daɗe da barin gari, ba wanda za a kama. 'Yan kamasho suka taso da tsokanarsu, ko mota ta haihu, suka ga fuskarsa suka watse.

Ana cikin lodi sai ga Umaima, matar wani mai awon hatsi daga Kwaja, cikinta ya tsufa, tana tafe tana dafa ƙugu. Ba ta tambayi kowa ba, ta nufi ƙofar gaba kamar yadda ta saba. Baba Zira ya riga ta kama ƙofar. Na ga hannunsa ya ɗaga zai daki allon, ya tsaya a iska, ya sauko.

"'Yata, tsaya. Ba komai a wurin nan. Tsumma ne. Duk abin da na faɗa miki a baya, ba haka ba ne."

Umaima ta dube shi, ta dubi kujerar, ta sake dubansa. Ta ɗora hannu a kan cikinta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "To, Baba," a hankali, ta ɗauki ledarta ta wuce motar da ke bayanmu, inda aka matsa mata ta zauna ta biyu a gaba.

Baba Zira ya daɗe riƙe da ƙofar a buɗe. Sannan ya rufe ta, ya zaga ya shiga, muka kama hanyar Michika ba kowa a gefensa.