Yadda sikeli ya hana ni shan ruwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni. Ban san ta inda zan fara ba ne, har yanzu ma ban tabbata zan faɗa daidai ba.

Da ciwon kai da jiri abin ya fara. A asibitinmu na nan Daura likita ta ce jinina ya hau, in rage gishiri, in rage ƙiba. Tana magana, ni kuwa marigayiya Yaya Habi nake gani, yayata da hawan jini ya lalata wa ƙoda. Ni na riƙa raka ta Katsina wankin ƙoda har ta rasu.

Na sayi sikeli. Ni mai rubuta komai ce tun ina sakandare, don haka duk hawa sai na rubuta. Da asuba, da azahar, da la'asar, da isha'i.

Lambar ta ƙi tsayawa. Da safe kilo 92, da yamma 94. In na ci kilishi, washegari ta hau. In al'ada ta kusa, ta hau. Duk ƙarin da na gani sai in danna ƙafata da yatsa, in ga ko za ta lotsa kamar ta Yaya Habi.

Maigidana dariya yake yi.

"Maman Hafsat, ko buhun gero sau ɗaya ake aza shi."

"Malam, kilo biyu fa tun safe."

"Ta wace ƙofa suka shigo? Ni dai ina zaure ban gan su ba."

Sai Sha'aban ya zo cikin tsananin zafi, na fara ramuwar azumi. Da la'asar in hau in ga 90. Da na sha ruwa da kunu bayan magariba, ta koma inda take. Na sha jin mata a gidan biki suna cewa ruwan sanyi ke kawo teɓa. Na duba abin da na rubuta, na ga kamar gaskiyarsu.

Na rage ruwa. Da buɗa baki 'yar kurɓa, da sahur in jiƙa maƙoshi kawai. Maganin hawan jinin da likita ta ba ni, mai sa fitsari, kuma ban fasa sha ba. Ban gaya wa kowa ba.

Fitsarina ya koma kalar shayi, sannan ya ragu. Leɓɓana suka tsattsage. Sikeli ya nuna 88, na yi murna ina dafe da bango.

Ina shanya a tsakar gida na faɗi.

Na farka a gadon asibiti, ledar ƙarin ruwa a saman kaina. Aka ɗebi jinina. Na ji ma'aikaciyar jinya ta ce gwajin ƙoda ne. Duk fitsarin da na yi sai an auna a roba, yadda ake yi wa Yaya Habi. Na riƙa kallon robar nan ina tunanin wa zai raka ni Katsina, wa zai riƙe min yara.

Ragon da muke kiwo don layya, shi Malam ya sayar aka biya gwaji da magani. Bai sake yin dariya ba.

Da sakamako ya fito, likitar ta zauna a bakin gadona.

"Hajiya, ƙodarki ta wahala, amma ƙishirwa ce. Me ya hana ki shan ruwa?"

Na gaya mata, ina jin kunya. Ta ɗauki gorar ruwan da ke gefena ta ɗora min a tafin hannu.

"Lita ɗaya ce, nauyinta kilo ɗaya. In kin shanye, sikeli zai ce kin ƙaru. Kitse ne?"

"A'a, likita."

"Kitse ba ya zuwa a yini ɗaya, ba ya tafiya a yini ɗaya. Ruwa ne da gishiri da abincin da ke cikinki suke hawa da sauka."

Gwaji na biyu ya yi kyau. Ranar sallama aka aza ni a sikelin asibiti, 91. Kilo uku na ƙara, kuma da ƙafata na fita.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar, da masu jinya, da Malam, da ku masu addu'a. Allah ya jiƙan Yaya Habi.

In kina rage ƙiba, ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, bayan kin kewaya, kafin ki ci komai. Sikeli ɗaya, kaya marasa nauyi. Ki kwatanta wata da wata. In kina shan maganin hawan jini, ki tambayi likita kafin azumi. In kuwa ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi nauyi, asibiti za ki, kada ki yi wa kanki magani.

Tsoron bai gama tafiya ba. Ranar Asabar nake hawa, in tsaya ina jiran lambar ta fito. Amma ko nawa ta nuna, ina sauka nake zuwa randa in cika moɗa in shanye.