Totuwar Masara a Injin Wakili

Wakili, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da biyu ya yi yana jan akori-kura tsakanin Wara da ƙauyukan bakin ruwa. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana yaro, amma da na dama yake gane ciwon inji tun kafin a buɗe. Ba shi da yawan magana. In ya ce zai zo, to shimfiɗa tabarma.

Shekarar da ruwan tafki ya yi saurin tasowa, ya yi wa Inna Delu alkawarin kwashe mata shinkafa. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, buhu goma sha huɗu ke jibge a bakin gonarta, abincin shekara ke nan ita da jikoki. Da safe ta aiko cewa sandar da ta kafa a gaɓa ruwa ya shanye rabinta.

Ya tayar da mota, ko kasuwa bai wuce ba ƙauri ya cika masa hanci. Ya ɗaga bonet, sai ga baƙin mai yana tsartuwa ta ramin sandar awon mai. Ya lallaɓa har garejin Samuel, bakaniken da suka taso tare, wanda yake kira Sama'ila.

Samuel ya leƙa, ya goge hannu. "Wakili, tsohuwar motarka ta gaji. Sai an sauke inji. Kwana bakwai."

"Ruwa zai jira ka kwana bakwai?"

"To, goya shinkafar a bayanka."

Wakili bai yi dariya ba. Ya sa aka sake tayarwa, ya kara kunnen dama. "Ƙarar lafiya take. Numfashi ne ba ta samu."

Ya san akwai wani ɗan bawul, bai fi babban yatsa ba, mai fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. In ya toshe, iskar ta rasa hanya sai ta tura mai waje. Amma ina yake? Laka da maiƙon shekaru sun rufe komai. Ya bi tiyo ɗaya da yatsa, ya kai shi wani wuri daban. Ya bi na biyu, ƙarfe ya ƙone shi. Rana ta take tsaka, wani mai babur ɗin kabukabu ya tsaya ya ce Inna Delu na zaune kan buhu, ta ƙi tashi.

Can bayan murfin saman inji yatsansa ya taɓo abu mai kaushi. Ya zaro. Totuwar masara ce, baƙa ƙirin. Wani ya cire bawul ɗin, ya cusa ta a ramin, ya toshe tiyon da ƙusa.

Samuel ya sosa ƙeya. "Ranar da kake kwance da zazzaɓi, bawul ɗin na tsotsar iska... ni na cusa ta, na ce kafin a samo sabo."

"Kai da Allah, Sama'ila. Ina zan samo shi yanzu?"

Yelwa, inda ake sayar da kayan mota, ta yi nisa. Sai Samuel ya nuna wata matacciyar mota irin tasa a bayan gareji, inda kaji ke ƙwai. Suka kore kaza, suka ciro bawul ɗin motar, suka wanke da fetur. Wakili ya kai shi kunne ya girgiza, don mai lafiya ƙara yake yi. Shiru. Ya sake wankewa, ya girgiza. Ƙas-ƙas! Ya danna shi a ramin, ya haɗa tiyo. Mai ya daina tsartuwa.

La'asar sakaliya suka isa, Samuel a baya. Ruwa ya riga ya lashi gindin buhu biyu. Inna Delu ta ce, "Ɗan nan, na ce masu kana tahe."

Bara ciwon ciki ya ɗauke Wakili, cikin kwana uku. Da aka zo share motar, an sami totuwar a aljihun gaba, naɗe cikin tsumma. Samuel ya karɓa, ya juya baya, ya daɗe bai waiwayo ba.