Sandar Fatsar da Ba a San Uwar Kuɗinta Ba

A gidanmu na unguwar 220 Logements babu abin da ba na sayarwa ba ne. Baba ɗan kasuwa ne, daga Kano ya zo Abidjan tun kafin a haife ni, ya kafa shago a bayan Adjamé Mairie yana sayar da agogo da tocila da sauran tarkacen da jiragen ruwa ke saukewa. Sai dai shi shagon nasa bai tsaya a shago ba, har falo yake biyo shi. Baƙo ya kuskura ya yaba kujerar da yake zaune a kai, sai ka ji Baba ya ce, "Taya mana." An taɓa cire fanka tana cikin yi mana fifita. Wata rana Mama ta dawo daga suna ta tarar da kwalaben ruwan sanyi jere a ƙasa, firij ya yi gaba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in hawan jini ya kayar da shi a tsakiyar ciniki. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma likita bai ɓoye mana komai ba: in ya koma hayaniyar shago zai sake faɗuwa, kuma ta biyun ba lalle ya tashi ba. Yayana ya karɓi shago. Ni kuwa, da yake a kantin magani nake aiki a Treichville, aka ɗora mini awon jini da sa ido. Ba a yi wata guda ba na kama shi a shago yana yi wa wani ɗan dako tsawa, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar shanya. Ranar na ji tsoro ƙwarai.

Kullum in zan tafi aiki nakan ga tsofaffi a bakin lagun, wato tafkin da ya ratsa birnin, ƙasan gada, kowa riƙe da sandar fatsa, shiru kamar masu jiran liman. Na ce wannan shi ne maganin Baba. Da na kawo masa zancen sai ya sha kunu.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa nake da shi, "ni na yi miki kama da Basarke? Ruwan da na sani na alwala ne."

Na san inda zan kama shi. A lokacin Turawan da suka gama aiki za su koma gida sukan baje kayansu a tsakar gida ranar Asabar, tun daga tukunya har takalmin yara. Na ce ya raka ni gwanjo kawai. Kafin in rufe baki ya sa hula.

Kallon Baba a gwanjo ya fi silima. Abin da yake so ba ya ko kallonsa. Zai ɗauki wata tsohuwar buta ya juya ta, ya kushe ta, ya tambayi mai gida lafiyar iyali da Faransancinsa mai gurɗe-gurɗe, sai ya juya zai tafi sannan ya nuna ainihin abin da ƙafa, ya ce, "Wancan tarkacen fa?" Da haka muka samo sanda ta farko a gidan wani malamin makaranta, shuɗiya, mai sheƙi, da mulinenta, wato ɗan injin da ke naɗe zare.

Abin ya karɓe shi. Da hantsi sai ya hau woro-woro, tasin haɗaka, zuwa Treichville, ya zauna cikin tsofaffi, in na tashi aiki in biya mu dawo tare. Kifi dai sai a hankali, amma awo ya sauka, Mama har ta fara waƙa a kicin. Sai ga shi wata rana hannu rabbana, fuska fal murmushi. Wani ma'aikacin tashar jirgin ruwa ya taya sandar, Baba ya sallama. Washegari da safe yana shago.

Muka koma gwanjo, muka samo ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ta uku ko ruwa ba ta gani ba, a cikin mota ya sayar wa wanda ke zaune kusa da shi kafin su wuce Indénié. Na yi faɗa har da hawaye. Ya dube ni da mamaki na gaskiya.

"To an ba ni riba, in ce ba na so? Ai sai a ce na taɓu."

Daga nan na daina zuwa da shi. Na ƙudurta sai na haɗa masa sandar da ko makaho ba zai taya ba. Asabar bayan Asabar ina bin gidajen masu tafiya, ba na duba kayan kan tebur, kwandon da ke gefe nake tonawa, inda ake zuba abin da ya karye. Gindin sanda na samo a gidan wata Baturiya da mijinta ya take sandarsa da mota. Kan kuwa na wata sanda ne daban, rawaya, sai da na kankare shi da wuƙa kafin ya shiga. Zobban da zare ke bi ta ciki babu biyu masu kama da juna. Mulinen a ƙarƙashin tarin cokula na tsinto shi, baƙi, tsoho, yana ƙara kamar keken ɗinki.

Na ɗaure zobban da zaren kwalliyar Mama, ja da kore, na shafe ɗaurin da jan farce don kada ruwa ya ci. Mariƙin na naɗe shi da robar tayar keke. Yatsuna sun yi kanta. Da na gama, yayana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ko kifi ya gan ta zai kai ƙara.

Baba ya karɓa, ya juya ta, ya lanƙwasa kan.

"Nawa ta tsaya miki?"

"Kado ce, Baba. Kyauta."

"Na ji kyauta ce. Nawa kika kashe?"

Na ƙi faɗa, don haushi kawai, ba da wata dabara ba. Ya bi ta wajen Mama, ita ma ba ta sani ba.

Ta yi watanni a hannunsa babu wanda ya ko tambaya, har na saki jiki. Wata Juma'a bayan la'asar na biya ɗaukarsa sai na tarar da wani Balabane, ɗan Lebanon mai kanti, tsugune a gabansa, yana shafa baƙin mulinen kamar ya ga ɗan'uwansa. Ashe tsohon ƙira ne da aka daina yi, masu tara irinsu nemansa suke ido rufe. Ni da na zaɓe shi don muninsa! Ya taya sandar gaba ɗaya. Baba ya ce albarka. Ya ƙara, Baba ya ce albarka, amma na ga babban yatsansa ya fara murza na kusa da shi, alamar shirin sallamawa da na sani tun ina yarinya. A raina har na hango shi gobe a shago da jijiyar nan a miƙe.

Mutumin ya yi tayi na uku, wanda ya sa tsofaffin da ke gefe suka waiwayo. Baba ya ɗauki sandar. Ya dubi ɗaurin nan ja da kore, ya bi shi da farce zobe bayan zobe, sannan ya ɗago.

"Uwata, faɗa masa da Faransanci yadda zai gane. Ni ban taɓa sayar da abin da ban san uwar kuɗinsa ba. 'Yata ce ta ɗaure ta da hannunta, ta ƙi gaya mini abin da ta ci. To ta ina zan san ko riba na yi ko faɗuwa? Ya yi haƙuri."

Na fassara. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Baba ya soka wata tana a ƙugiya ya jefa, ko a jikinsa.

A hanyar gida, muna kan gada, ya sunkuyo ya rage murya.

"Tsakanina da ke, shi baƙin injin nan kaɗai, nawa?"

Na ce na manta. Shekara goma sha wani abu ya yi yana zuwa bakin ruwan nan da sandar, bai sake tsayawa ciniki a shago ba, kuma bai fasa yi mini tambayar ba, ranar salla, ranar aurena, har a gadon asibiti a makonsa na ƙarshe. Ina sane da kuɗin sarai. Ban taɓa gaya masa ba.