Kawu Gervásio da Majigi Mai Jinkiri

Ranar Talata, sha biyar ga Maris, 2022, da ƙarfe goma da kwata na safe na fara ganin Gervásio Tareco. Ya shigo ofishin ƙauyenmu na Vale Pardo, inda nake akawu, da hula a hannu da takarda a cikin hular. Shekara talatin da shida ya yi yana tuƙa bas a Lisbon, kuma satinsa biyu da dawowa gidan mahaifinsa. Takardar ta likitan ido ce. Tsakiyar ganinsa ya fara dushewa, saura gefe-gefe, har an karɓe lasisinsa. Hatimi yake so a buga masa ya kai ofishin fansho.

Na buga. Bai tafi ba.

"Akawu, abin da ke cikin takardar nan, daga ni sai kai."

"Sai durowa," na ce.

"A gari na ce musu ciwon baya ne."

"To, Allah ya ba bayan lafiya."

Ya yi dariya, ya karkata kai irin na kaza, don haka yake kallon abu in yana son ya gan shi sosai. Ya nuna saman kabad. "Wancan ba majigi ba ne?"

Majigi ne, na makarantar firamaren da aka rufe saboda ƙarancin yara. Shekara shida ba wanda ya taɓa shi sai ni, ranar share ƙura. Ya ce 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a Setúbal, ta ba shi na'urar gem ta ƙwallon ƙafa don kada zaman banza ya kashe shi, amma a talabijin ɗinsa 'yan wasan kamar ƙudaje suke, ƙwallon kuwa bai taɓa ganinta ba. Na cika masa takardar aro, ya sa hannu, rubutun ya haura layi.

Bangon gidansa ya yi kaɗan, saboda haka ya kai kayan zauren ƙungiyar ƙauye, inda tsofaffi ke karta tun kafin a haife ni. Gwaggo Idalina, mai kofi da giya a zauren, ta duba bangon gabas ta ce ba a haska komai a kan wannan dauɗa ba tana raye. Ta ɗauko bokiti ta shafe shi da farar ƙasa har sau uku. Daga ƙarfe biyu zuwa biyar na rana, lokacin da duk garin ke rufe tagogi saboda zafi, zauren yakan yi duhu sosai. Nan Kawu Gervásio ya ja kujera gaba, ya kunna, sai ga 'yan wasa kowanne ya kai kamu guda, ƙwallo kamar lemo.

Satin farko 'yan karta sun juya masa baya. Sati na biyu suka fara ba shi shawara. Baltazar Murteira, shugaban ƙungiya, tsohon mahauci, shi ya fi kowa ihu.

"Ba shi ta hagu mana! Kai, direba, haka kake tuƙi? Ashe mutanen Lisbon sun ga ta kansu!"

"Zo ka karɓa, sarkin fawa. Ga hannun gem ɗin, ba ya cizo."

Ya karɓa, aka ci shi bakwai da nema, ya ce a sake. Kafin kaka, mutum goma sha ɗaya ke wasa, kartar tana cikin gwangwani. Da yake ni ne sakataren ƙungiya, na buɗe littafi ina rubuta sakamako. A shekarar farko Kawu Gervásio ya buga wasa ɗari biyu da takwas, an ci shi a goma sha huɗu. Shi ya koya wa kowa, kuma karatunsa ɗaya ne: "Danna tun kafin ka ga ya kamata."

A watan Yuni na 2023 mutanen Monte Tordo, ƙauyen da ke bayan gonakin zaitun, suka ji labari suka aiko mana da goron gayyata: wasa biyar a zaurensu, biyar a namu, wanda aka ci ya dafa dodon koɗi ya ciyar da kowa. Su a talabijin suke wasa. Ranar tafiya, Asabar sha bakwai ga wata, Kawu Gervásio ya aiko cewa bayansa ya motsa. Ni kaɗai na san wane baya ne.

Abin da na rubuta a ranar ke nan: wasa biyar, an ci mu biyar, jan kati shida. Mutanenmu suna sharar ƙafa tun abokin gaba bai iso ba, suna buga ƙwallo tun ba ta sauka ba. Baltazar ya buga fenariti ya aika ta wajen masu kallo. Wani tsohon ɗan wasiƙa, mai raba wasiƙun gidan waya, mai suna Hermínio, gwaninsu, ya tambaye mu cikin ladabi ko sauri muke za mu kama mota.

Ranar Litinin aka yi taro. Kawu Gervásio ya saurari duk ƙorafin, sannan ya ce, "Ai majigin ne. In ka danna, sai ya ɗan yi tunani kafin ya nuna, kamar ƙiftawar ido. Irin birkin tsohuwar bas: in kana son tsayawa a coci, tun daga kantin magani kake takawa. Ku kun saba da shi. Talabijin kuwa ba ta jira."

"Ka sani tun farko?" in ji Baltazar.

"Tun ranar farko."

"Ka bar mu muka je muka zubar da mutuncinmu a gaban ɗan wasiƙa!"

Nan take Baltazar ya ce surukinsa yana da babbar talabijin da zai ba ƙungiya kyauta. A kafa ta, a mayar wa akawu majiginsa. Kawuna suka fara gyaɗawa. Na dubi Kawu Gervásio. Duk girman talabijin ɗin ba za ta kai kwatan bangon ba, kuma in majigi ya tafi, shi ma ya tafi, ya koma gida ya zauna da kujeru. Bakina kuwa a ɗaure yake.

"Ku bari a yi na gida tukuna," ya ce. "Su ma su ɗanɗana birkinmu. In muka ci, majigi ya zauna. In aka ci mu, ku kafa akwatinku."

Aka yarda, na rubuta.

Ranar ɗaya ga Yuli suka zo, mutum tara a mota biyu. Gwaggo Idalina ta ƙara wa bango farar ƙasa, ta rufe tagogi, ta toshe kafar ƙofa da tsumma. Wasan farko da na biyu abin dariya ne, duk mu muka ci. Baƙi suna danna, ƙwallo ta riga ta wuce. Ɗaya ya girgiza hannun gem ɗin, ya kai shi kunne.

"Wannan abin naku a buge yake!"

"Filinmu ke nan," in ji Baltazar, yana washe baki. "Ku a naku mun ce muku wani abu?"

Amma Hermínio yana gefe yana kallon yatsun mutanenmu, yana kallon bango. Ya yi wa nasa raɗa, suka fara danna da wuri. Suka ci na uku da ƙyar, suka ci na huɗu ba da ƙyar ba. Biyu da biyu, saura shi da Kawu Gervásio.

Kawu ya fara ci, minti na ashirin, da wata ƙwallo da ya ɗaga ta bisa kan gola. Zauren ya ɗauka, Gwaggo Idalina ta buga cokali a tire. Bayan hutun rabin lokaci Hermínio ya farke. Saura minti huɗu aka ba shi bugun kwana. A cunkoson gaban raga, inda jajayen riguna da farare suka cakuɗe, na ga Kawu ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman ɗan wasansa. Kafin ya same shi ƙwallo ta shiga. Biyu da ɗaya.

Baƙi suka ci dodon koɗinmu, suka yaba wa gishirin, suka tafi wajen ƙarfe shida. Baltazar ya ce to, magana ta ƙare, gobe surukinsa zai kawo talabijin. Ya hau kujera zai cire wayar majigi.

"Dakata, sarkin fawa," in ji Kawu Gervásio. Bai tashi ba. "Akawu, faɗa musu abin da ka buga wa hatimi."

"Ka tabbata, Kawu?"

"Faɗi, kafin in fasa."

Na faɗa musu ranar, da sunan ciwon, da maganar lasisi, da cewa a talabijin ba ya ganin ƙwallo ko kaɗan. Baltazar yana tsaye a kan kujera da waya a hannu. Ya juyo ya dubi Kawu.

"Tsaya in gane," ya ce. "Wato shekara guda cur, mutumin da ba ya gani ne yake cin mu?"

"Ina gani ta gefe."

"Ta gefe! Akawu, sau nawa ya ci ni?"

Na buɗe littafi. "Sau arba'in da uku."

"Rufe, rufe! Wa ya ce ka karanta da ƙarfi?"

Gwaggo Idalina ce ta fara dariya, har ta zauna a kan akwatin kwalabe, sauran suka bi. Wani ya ce shi dama ya yi mamakin mai ciwon baya da ke ɗaukar buhun dankali. Baltazar ya mayar da wayar inda take, ya sauko, ya ce wa Kawu shi babban maƙaryaci ne, kuma da ya faɗa tun farko da ba a ɓata wa surukinsa lokaci ba.

Duk da haka na ce a kaɗa ƙuri'a, don yarjejeniyar Litinin tana rubuce, ba a soke ta da dariya. Mutum sha bakwai suka ce majigi ya zauna, ba wanda ya ƙi. Talabijin ɗin ta zo washegari, aka kafa ta bayan kantar Gwaggo Idalina don labarai.

Daga ranar zuwa yau mun kara da ƙauyuka huɗu. A gida mun ci karawa tara cikin goma sha ɗaya. A waje ba mu taɓa ci ba, kuma mun daina jin kunya.

Kawu Gervásio ya ci gaba da wasa har Nuwamba 2024, lokacin da bangon ma ya fara gagarar idonsa. Wasansa na ƙarshe da Baltazar ne, suka tashi ɗaya da ɗaya. Ya bar wa ƙungiya na'urar. Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, yana gidan mahaifinsa, 'yarsa tana zuwa duk sati biyu. Kullum ƙarfe biyu yakan zo zaure da sanda, ya zauna a kujerar gaba, ya sha kofinsa, ya tafi ƙarfe biyar.