Dodon Yaya Sani

Wautar da na tafka ina ƙarami ba ta kai a gurfanar da ni gaban alƙali ba, amma ta hana ni cin tuwo. Dodon laka da Yaya Sani ya gina mini kafin ya tafi neman aiki Arlit, shi na ɗauka na jingina a karon dodanni, aka cinye.

A garinmu, can gefen Ollelewa, da an gama girbi ruwan tabki ya ja baya, sai mu yara mu faɗa wa laka. Mu gina dodanni masu ƙaho da haƙoran ƙaya, mu shanya su bushe, kowa ya zo da rundunarsa. Ka ajiye naka a ƙasa, abokin karo ya turo nasa ya buga, kai ma ka rama. Wanda kai ko ƙafa ta cire ya mutu, a kawo na gaba. Mai rundunar da ta fara ƙarewa shi aka ci, abin da ya jingina kuma ya tafi.

Ni ƙatti biyar na gina, kowanne sai na yi nishi kafin in ɗaga shi. Dogayen ƙafafu, dogon wuya, kai kamar tulu. Da na jera su, awakin unguwa ma canja hanya suka yi. Idi ɗan maƙeri ya zo da wani guntun abu mai kama da kashin raƙumi, ya durƙusa ya leƙa ƙafafun nawa, ya yi murmushi. Ya bugi na farko a gwiwa, ya zube. Na biyu ma a gwiwa. Kafin in gama zagin na uku, na biyar yana kwance. Idi ya rungumi dodon Yaya ya tafi yana fito.

Da yamma Kaka Hajo ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, jikoki suka kewaye ta. Ni na zauna, na tashi, na zaga rumbu, na taka jelar kare, na dawo.

"Maigidana, cinnaka ce a wandonka?" in ji Kaka.

Ƙanwata Rabi, wadda magana ba ta kwana a bakinta, ta ce, "An cinye masa dodon Yaya."

"Nawa ka kai fagen?"

"Biyar, Kaka. Manya-manya."

"Duk kama ɗaya?"

"Kama ɗaya mana, ai ni na gina su."

"To guda ɗaya ka kai. Zauna, kana kaɗa mini hayaƙi a ido."

Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe a ƙafa." Muka ce, "Ta iso mu ba ta tabarma."

Wai wani Dodo ne ya zauna a bakin rumbunan wani gari yana cin hatsi da dami-dami. Mai gari ya tara bijimai, duk ƙosassu, ya tura masa. Na farko ya sunkuyar da kai ya taho, Dodo ya goce, ya kama ƙaho ya murɗe. Na biyu ya sunkuyar da kai ya taho. Kaka ta dube ni ta ce, "Sai in ci gaba, ko ka san sauran?" Yara suka fashe da dariya, na ce ta ci gaba.

Da bijimi ɗaya ya rage, wata tsohuwa ta ce a bar mata shi. Ta nemo bushiya da jimina. Ta fara tura bushiya. Dodo ya yi dariya ya taka ta, ƙaya ta cika masa tafin ƙafa. Ta saki jimina, ta tsokale shi a hanci ta zura da gudu. Ya bi ta yana ɗingishi har harshensa ya sauko ƙirji. Sannan tsohuwa ta kwance bijimi. Karo ɗaya, Dodo ya faɗi.

"Me ya sa ba ta fara da bijimin ba?" na tambaya.

"Da sun ci nama ranar nan, Dodo ya ci hatsi. Babba na ƙarshe ne, sai ƙanana sun gajiyar masa da abokin gaba." Ta kakkaɓe zane ta ce, "Tatsuniya ta koma gidansu, ku ma ku koma naku."

Ban yi barcin kirki ba. Washegari tun kaji ba su sauko ba ina bakin tabki. Na gina bushiyata, dunƙule marar wuya marar ƙafar kirki, na soke ta da ƙayar aduwa. Jiminata na cuɗa lakarta da kashin jaki da ƙaiƙayi, ta fito shafal, ga taurin tsiya. Bijimi kuwa guda na yi, gajerun ƙafafu, wuya kamar turmi. Da suka bushe Kaka ta binne mini bijimin a garwashi, tana cewa kada in saba, ita ba baiwar dodanni ba ce.

Na sami Idi na ce a sake. Na jingina danƙona na harbin tsuntsu, shi ya jingina dodon Yaya. Ya ga rundunata ya riƙe ciki. "Wannan dodo ne ko ƙwallon fura?"

Guntun nasa ya nemi gwiwar bushiya ya rasa, ya yi ta bugun ƙaya har ya tsage. Bushiya ta mutu a hannun dodonsa na biyu, amma jimina ta sha duka kamar jakin ɗan kasuwa, ta ƙi karyewa sai da ta tafi da shi. Saura bijimina, shi ma saura ɗaya. Sai Idi ya ture na ƙarshen nasa gefe, ya miƙa hannu baya, ya ɗauko dodon Yaya, ya dasa shi a fage.

"Ai jingina ce!" na yi ihu.

"Nawa ne. In na ga dama in kwana da shi. Buga."

Na ɗauko bijimina. In na buga da ƙarfi, na fasa abin da na zo karɓa. In na yi sanyi, ya tafi da shi, ya haɗa da danƙo. Rabi tana bayana tana cewa, "Buga mana!" Na rufe ido na tura bijimi.

Yanzu ina makarantar kolej a Tanut, kuma duk ranar da aka ce in zaɓi ’yan ƙwallo, yara kan yi mamaki in na tsallake dogaye na kira wani guntu mai taurin kai. Ba na yi musu bayani. Kafin in zaɓi kowa nakan duba ko ina da irinsa a baya, sannan in duba gwiwar ’yan wancan gefe. Abin da Kaka ba ta faɗa ba, ni na gano shi a fage: runduna mai kyau ba ta tambayar wa aka ajiye mata a gaba, ko naka ne sai ta fasa shi.

Ranar nan dai na ci karon. Na dawo gida da gangar jikin dodon a hannun dama, kansa a hagu, na liƙe su da ƙaro. Da Yaya Sani ya zo babbar Sallah na miƙa masa ina zufa. Ya juya shi, kan ya faɗo masa a cinya. Ya dube ni ya ce, "Wa ya gina wannan mummunan jakin?"