Silifas ɗin Gaban Inji

Shekara ashirin da biyu Umma ta yi tana wa mutane wanki da injin nan mai baki biyu, ɗaya na wankewa, ɗaya na matsewa. Marigayi mijinta, direban bas, shi ya sayo shi na hannu ya ajiye a lungun bayan kicin. Fararen rigunan ma'aikatan asibiti, zannuwan gadon wani ƙaramin otal, labulen maƙwabta, da su ta yi wa 'ya'ya huɗu karatu. In yana matsa kaya rawa yake har ya bar wurinsa, sai ta tokare shi da ƙugu ta ci gaba da hira. Takan ce duk gidan ya fi kowa jin magana.

Aibinsa ɗaya, wutarsa tana jan mutum. Wanda ya taɓa shi ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti zai ji har haƙoransa. Shi ya sa tsofaffin silifas ɗin Baba masu kauri suke zaune a gabansa, kowa ya zo ya zura. Ba a taɓa faɗar dokar da baki ba, ƙafa ce ta haddace.

Auta ta gama jami'a ta dawo, aiki shiru, zama ya ishe ta, ta hau gyaran gida. Shekarun makaranta sun mantar da ita dokar. Ta tattara tarkace har da silifas ɗin ta miƙa wa masu kwasar shara.

Washegari da hantsi Umma ta zo da kwandon kaya ya tare mata gani, ta kai hannu kan murfi ba takalmi, wuta ta jefar da ita. Auta ta same ta a ƙasa, wuyan hannunta ya karye.

A asibiti babban yayansu ya yanke hukunci. Ya ce mantuwar tsufa ce ta fara, yau wuta, gobe gas. Inji a ba 'yan gwangwan, Umma ta koma gidansa, a rufe nata. Umma, wadda ko kwana ɗaya ba ta iya yi a gidan wani, ta ce haka ne, ita ta manta.

Da ya fita, Auta ta durƙusa gefen gado.

"Umma, ni na zubar da su."

"Na sani. Wa ke shara a gidan nan kamar an aiko ta, in ba ke ba?" Ta runtse ido. "Yi shiru. Ni in na manta, tsufa ne. Ke kuwa, bakin yayanki ba linzami, har ki yi jikoki yana faɗa."

Auta ta daɗe a durƙushe. Sannan ta tashi ta sami Yaya a baranda yana waya da mai gwangwan, ta faɗa masa duka. Bai yi faɗa ba. Ya dube ta kamar bai san ta ba, ya ce wa mutumin ya bari tukuna.

Umma ta koma ɗakinta. Hannun bai ƙara damƙar komai da kyau ba, Auta ce ke wankin yanzu. Yaya yana zuwa duk mako, ya gaida Umma, ya tambayi jiki. Wata uku ke nan, in Auta ta gaishe shi, bango yake amsa wa.