Jan Zare a Tiyon Malam Badaru

Takabata ta faɗo a tsakiyar bazara. Bututun famfonmu a saman katanga ya bi, kafin azahar ruwan ya zama kamar na shayi, ko alwala sai na tara shi ya huce. Wata rana maƙwabcinmu Malam Badaru ya yi sallama da tiyo a kafaɗa. Ya nannaɗe shi cikin tsohuwar randa, ya cika ta da jiƙaƙƙen yashi, ya haɗa da famfon. Ruwa ya fito da sanyi. Daga bayan labule na yi godiya, ya ce, "Inna, ruwa in ya sha kwana juyawa yakai, zahin sai ya hita da wuri." Ban gane ba, na dai sa masa albarka.

Haifaffen unguwar Ƙofar Taramniya ne, ɗan gidan malamai. 'Yan'uwansa duk littattafan addini suka bi, shi ya ɗauki lissafi, yana koyarwa a wata kwaleji. Mutum ne marar hayaniya, sahun farko a masallaci, hularsa kullum a karkace. Shekaru ya yi yana binciken abu guda don babban digirinsa: yadda ruwa ke tafiya a lanƙwasasshen bututu idan bututun kansa yana juyawa, da yadda yake kwashe zafi. Ya ce haka ake sanyaya manyan injuna kada su ƙone.

A tsakar gidansa ya kwantar da ƙafar keke a kan injin fanka, ya naɗa mata farin tiyo wanda ake hango cikinsa. Ruwa na gudu a ciki, ƙafar na juyawa, sai ya tsiyaya ruwan zoɓo da sirinji, wayarsa a ɗaure jikin ƙafar tana ɗaukar hoton bidiyo. Zoɓon wajena matarsa Sakinatu ke karɓa, tana cewa, "Inna, a ba mu na maigida. Mutane na sha, shi tiyo yaka ba."

Lissafinsa ya ce jan zai rabu zare biyu suna murɗawa kamar tufkar igiya, idan kuma aka juya ƙafar ta baya, biyun su koma huɗu. A kan huɗun nan duk aikinsa ya tsaya.

Sai hawan jinin ido ya kama shi. Gefen ganinsa ya fara rufewa, har ya kai in ya kalli waya hazo kawai yake gani. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, saura ma lallaɓa shi ake yi. Ya nuna wa ɗalibansa hoton, suka ce huɗu ne, Malam. Sakinatu ma ta ce huɗu.

Wata la'asar, bayan na fita takaba, na kai zoɓon da kaina. Yana zaune a tabarma, ya miƙo wayar wajen da ya ji muryata.

"Inna, ke da kis san zare. Mi kig gani?"

Sakinatu na bayansa, ta ɗaga mini yatsu huɗu, idonta cike da hawaye. Na kalli hoton, na sa ta maimaita mini shi. Na daɗe ina saƙa, na san biyu, na san huɗu. Na tuna kuma a lahira za a tambaye ni abin da bakina ya faɗa.

"Biyu ne, Malam. Ɗaya dai yana rawa kusa da kwanar, kamar zai tsage, sai ya fasa."

Sakinatu ta shige ɗaki.

"Yana rawa," ya ce. "A kwanar waje ko ta ciki?"

"Ta waje."

Ya gyara zama, yana motsa baki kamar mai tilawa. Ya ce wataƙila gudun ne bai kai ba, wataƙila kuma shi ne ya yi kuskure tun farko, kuma gara ya sani da sauran haske a idonsa. Ya kira Sakinatu, ya ce bai ga laifinta ba, tausayi ne.

Na tashi zan tafi, ya ce, "Inna, gobe zan ƙara ma injin gudu. Don Allah ki shigo bayan la'asar, Sakinatu za ta shimfiɗa miki tabarma. In kin ga biyu, ki ce biyu, ko da har ƙarshe biyun ne."